Yadda Harper's Bazaar ta sa aka zana mata haruffan Didot har iri 42

A watan Satumban 1992 mujallar kwalliya ta Amurka, Harper's Bazaar, ta fito da sabuwar fuska, kuma har yau masu tsara shafi suna komawa kan wannan fitowar suna kallo. Bangon fari ne tas, Linda Evangelista ce a kai, Patrick Demarchelier ne ya ɗauki hoton, ta ɗaga hannu ɗaya sama sai aka sa ɗaya daga cikin haruffan A na sunan mujallar ya zame daga layinsa ya sauka a hannun nata, rubutun da ke bangon kuma ɗan kaɗan ne, ba irin bangon mujallun lokacin ba da ake cika su da kanun labarai hagu da dama har da kyar kake ganin fuskar mutum. Haruffan nan dogaye masu kauri a tsaye da siranta a kwance sunansu Didot, kuma kafin a iya buga su a haka sai da aka yi wani aiki da mai karatu bai san an yi ba, wanda a ganina shi ne ainihin labarin.

Bari in fara da siffar harafin tukuna don wanda bai saba ba. Ka ɗauki babban H. A salon Didot ginshiƙan nan biyu na tsaye masu kauri ne baƙi ƙirin, amma layin da ya haɗa su a tsakiya siriri ne kamar silin gashi, haka 'yan ƙafafun da ke sama da ƙasan ginshiƙin, waɗanda masu zane ke kira serif, su ma sili ne miƙaƙƙe, ba su da wata lanƙwasa da ke haɗa su da jikin harafin, sun dai tsaya a kai kawai. O kuwa kaurinsa yana gefen hagu da dama daidai wa daida, sama da ƙasa ya sirance har kamar zai tsinke. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san alƙalamin kara idan aka fere bakinsa da faɗi yana ba da kauri ta wani ɓangare da siranta ta wani, gwargwadon yadda ka riƙe shi, to tsofaffin haruffan boko na Turai ma daga irin wannan alƙalami mai faɗin baki suka fito, shi ya sa kaurinsu yake a karkace. Didot kuwa daga wani alƙalamin daban ya samo halinsa, mai tsinin baki wanda yake buɗewa idan ka danna shi kana jan layi ƙasa, idan ka sassauta ya koma siriri, shi ya sa kaurin yake tsaye cak.

Sunan na wani gidan maɗaba'a ne a birnin Faris. Uban, François-Ambroise Didot, shi ya daidaita ma'aunin girman harafi da Turai ta daɗe tana amfani da shi, kuma yana cikin waɗanda suka sa aka fara yin takarda mai sumul a Faransa. Ɗansa Firmin, wanda aka haifa a 1764, shi ne mai sassaƙa haruffan, a 1784 ya fito da na farko da ake ƙirgawa a wannan salo, yayansa Pierre kuma shi yake buga littattafan, manya-manya masu tsada irin waɗanda aka buga a Louvre daga 1798 zuwa 1801. A can Italiya kuma Giambattista Bodoni yana Parma tun 1768 yana riƙe da maɗaba'ar sarki, yana bin hanya guda da su, suna kallon aikin juna suna gasa, babban kundin samfuran haruffansa ma sai bayan rasuwarsa matarsa ta fitar da shi a 1818, juzu'i biyu, har da haruffan Larabci a ciki. Dukkansu kuma sun ɗan koya daga John Baskerville na Birmingham a Ingila. Abin lura dai shi ne silin nan bai yiwu ba sai da takarda ta gyaru, tawada ta gyaru, injin bugu ya gyaru. A kan tsohuwar takarda mai kaushi layi siriri haka ko ya karye ko tawada ta cika shi.

Sai dai kar wani ya ɗauka tun asali harafin masu kuɗi ne har abada. Cikin ƙarni na 19 salon ya zama na kowa da kowa, jaridu, takardun gwamnati, littattafan araha, har aka kumbura shi aka yi masa ƙiba don fastocin talla a Landan, kuma da yake ana buga shi da gaggawa a kan takarda mara kyau sai ya zama abin da masu ido suke ƙyama. William Morris a 1893 cewa ya yi harafin Bodoni shi ne mafi wuyar karatu da aka taɓa sassaƙawa. Wato akwai lokacin da wannan harafin da muke gani yanzu a kwalbar turare mai tsada shi ne alamar aikin kasuwa na a-yi-a-gama. Mujallun kwalliya na ƙarni na 20 su suka ɗaga shi suka mayar da shi inda yake yau, Bazaar kuma tana sahun gaba.

Ita mujallar tsohuwa ce, tun 1867, da A ɗaya ma ake rubuta ƙarshen sunan sai a 1929 aka ƙara na biyun, kamfanin Hearst ya saye ta a 1913. A 1934 editarta Carmel Snow ta ga wani baje kolin zane a New York da wani ɗan gudun hijira daga Rasha ya shirya, Alexey Brodovitch, wanda ya yi shekara goma a Faris kafin ya tsallaka Amurka, ta ɗauke shi ya zama mai kula da tsarin shafukan, ya riƙe wurin har 1958. Shi ne ya kafa tambarin BAZAAR da dogayen haruffan Didot da ɗan ƙaramin Harper's a cushe a gurbin da ke tsakaninsu, shi ne kuma ya koya wa mujallun Amurka barin fili fari a shafi ba tare da jin an yi asarar takarda ba, yana yanka hoto a inda ba a saba ba, yana sa rubutu ya bi siffar rigar da ke shafin da ke fuskantarsa. Mai ɗaukar hoto Richard Avedon a hannunsa ya tashi. Vogue ma daga tsakiyar shekarun 1950 ta tsaya a kan tambari mai irin wannan salo, daga nan ido ya saba, da ka ga sili da kauri sai ranka ya ce kayan tsada.

To amma zuwa ƙarshen shekarun 1980 Bazaar ta yi sanyi sosai. Mujallar Elle ta shigo Amurka a 1985 da zafinta, Anna Wintour ta karɓi Vogue a 1988, Bazaar kuwa ta koma mujallar da ba wanda yake jiran fitowarta. Sai Hearst suka ɗauko sabuwar edita, Liz Tilberis, wadda ita ta gaji Wintour ɗin a Vogue ta Birtaniya, ta zo ta jawo manyan masu hoto irin su Demarchelier da Peter Lindbergh, ta kuma ɗauko Fabien Baron, Bafaranshe da ya riga ya yi suna a Vogue ta Italiya da mujallar Interview. Baron yana son ya koma gidan Brodovitch amma ba kwafa ba, shi yana son harafi ɗaya ya cika shafi guda, kalma ta hau kan kalma, babban harafi da ƙarami su haɗu a layi ɗaya, launi ya shiga tsakani, kuma duk da Didot. Nan matsalar ta taso, kuma matsala ce ta lissafi zalla.

Zamanin Firmin kowane girma na harafi daban ake sassaƙa shi. Mutum zai zauna da ɗan guntun ƙarfe da magagari ya fitar da harafin a kansa da hannu, a buga shi a jikin tagulla ya bar gurbi, a zuba narkakkiyar dalma a gurbin, kuma idan ana son lamba 8 da lamba 36, wato ƙaramin girma da babba a ma'aunin harafi, to aiki biyu ne daban, ba wanda ya isa ya ja kusurwa ya ƙara girma. Wannan wahalar ita ta kawo alheri, domin mai sassaƙar da kansa yake gyara kowane girma don ido, ƙananan ya ƙara wa silinsu kauri ya buɗe cikinsu ya ba su tazara, manyan kuma ya sirantar ya matse su. Daga 1885 da Linn Boyd Benton ya fito da injin da ke kwafar zane ɗaya zuwa girma daban-daban sai al'adar ta fara sakwarkwacewa, da aka koma haɗa rubutu ta hanyar fim da haske sai ta kusa mutuwa, kwamfuta ta zo ta ƙarasa ta, zane ɗaya tak a faifai, ka ba shi lamba 6 ko lamba 200 shi ne dai, komai nasa yana ƙaruwa ko raguwa tare.

Ga yawancin haruffa wannan ba wani tashin hankali ba ne, Helvetica ko Arial kaurinsu kusan ɗaya ne ko'ina, ka rage su ka ƙara su ba abin da zai ɓace. Didot kam a'a. A ce an zana shi don lamba 96 aka sa silinsa rabin lamba, wato wajen milimita 0.18, yana da kyau a babban kanu. Ka sauko da shi lamba 11 don rubutun labari, ka rage shi kusan sau tara ke nan, silin ya koma wajen milimita 0.02, bai kai kaurin gashin kan mutum ba, injin da ke buga dubban ɗaruruwan kwafi a guje ba zai riƙe wannan ba, sai ka ga e ya koma c, H ya zama sanduna biyu a tsaye ba abin da ya haɗa su, shafin gaba ɗaya ya koma tsaye-tsayen baƙaƙen layuka da ke sa ido ya yi ta rawa. Idan kuma ka juya abin, ka ɗauki wanda aka zana don ƙaramin rubutu ka kumbura shi ya cika shafi, silin ya zama katako, duk kyan da aka zo nema ya tafi, harafin ya koma wani gabjeje mara fasali. Kuma mafi muni ga irin aikin Baron, idan ka ajiye babba kusa da ƙarami daga zane ɗaya, silin babban ya ninka na ƙaramin sau da yawa, sai su yi kamar ba dangi ɗaya ba.

Akwai kuma batun launi wanda duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban injin bugu ya sani. Hoton mujalla da tawada huɗu ake buga shi, shuɗi da ja-ja da rawaya da baƙi, kowanne da farantinsa, idan kana son farin rubutu a kan hoto mai duhu to ba farar tawada ake zubawa ba, gurbi ake bari a duka farantan huɗu takardar ta leƙo, kuma sai huɗun nan sun zauna a kan juna daidai. Faranti ɗaya ya goce da ɗan kaɗan, tawada ta ɗan bazu a takarda kamar yadda ta saba, shi ke nan silin ya rufe, ginshiƙan kawai suka rage. Mujallar kwalliya kuwa rabin kanunta a kan hoto suke zaune.

Wanda aka ba aikin warware wannan wani matashi ne a New York, Jonathan Hoefler, haifaffen 1970, ya buɗe ɗan kamfaninsa na zanen haruffa a 1989, ka ga lokacin bai wuce shekara 22 ba. Maganin da ya kawo ba sabon abu ba ne, komawa ya yi ga abin da masu sassaƙar dalma suke yi, ya duba samfuran Faransa na farkon ƙarni na 19 ya zana harafin sau bakwai, kowanne don nasa girman: 6, 11, 16, 24, 42, 64 da 96. Kowane girma kuma yana da nauyi uku, mara nauyi da matsakaici da mai kauri, kowane nauyi yana da na tsaye da na karkace, bakwai sau shida ke nan, 42. Ana kiransa HTF Didot. A lamba 6 silin yana da ɗan jiki, haruffan sun fi faɗi, akwai iska tsakaninsu, idan ka kumbura shi a kwamfuta ka kalla za ka ce ai wannan ba shi da kyau, kuma gaskiya ne, ba don a kalle shi a haka aka yi shi ba. A lamba 96 kuwa silin ya kai maƙura wajen siranta, wanda idan ka sauko da shi ƙasa zai ɓace ɓat. Amfanin shi ne idan aka yi amfani da kowanne a gurbinsa, silin da ya fito a takarda yana zama kusan kauri ɗaya daga babban kanu har ƙaramin bayanin hoto, sai shafin ya zama murya ɗaya.

Ni wannan wurin ne ya fi burge ni, domin mai karatu da ya buɗe mujallar a wurin gyaran gashi bai san akwai Didot bakwai ba, shi dai ya ga komai ya zauna, ya ji a jikinsa cewa wannan abu mai aji ne. Kuma ka lura da wanda ya biya kuɗin. Mujalla ce ta ɗauki nauyin a zana mata haruffa na kanta, ta sayi takarda mai sheƙi da za ta riƙe silin, ta yarda a bar rabin shafi ba komai alhali shafin nan kuɗi ne idan aka sayar wa mai talla. A ganina tsadar da ido yake gani a Didot daga nan take zuwa, harafi ne mai son a kashe masa, yana son fili, yana son takarda mai kyau, yana son injin da aka saita da haƙuri, idan aka hana shi waɗannan ya fi kowane harafi saurin tona asirin mai aikin.

Baron ya yi wasa da shi son ransa. Shafukan buɗe labari a Bazaar ta shekarun nan sun zama abin da ɗaliban zane ke yankewa suna mannawa a bango, harafi guda ya kai tsayin shafi, kalmomi a jere a kan juna suna taɓa juna, wani a ja wani a baƙi, a ɗaya shafin kuma hoton Lindbergh baƙi da fari. Wani lokaci ma sai ka tsaya kafin ka gane abin da aka rubuta, kuma ina ganin masu sukar da suka ce ya fi damuwa da kallo a kan karatu ba su yi ƙarya ba, sai dai kanun mujallar kwalliya kalma uku ne ko huɗu, ba wanda zai ɓata a ciki. Mujallar ta ci manyan lambobin yabo na mujallun Amurka a fannin tsari da hoto, kuma cikin 'yan shekaru kowa ya koma kwaikwayonta, daga mujallu har tallan turare.

Abin da ya biyo baya ma darasi ne a kan ƙarfin tambari. Tilberis ta rasu a watan Afrilun 1999 bayan fama da ciwon daji, Baron ya tafi, sabuwar edita Kate Betts ta zo ta sauya fuskar mujallar har da tambarin, aka ajiye dogayen haruffan nan aka sa wani salo na zamani. Bai daɗe ba. A 2001 aka kawo Glenda Bailey, kuma cikin abubuwan farko da aka yi a zamaninta har da dawo da tsohon tambarin Brodovitch, wanda yake nan har yau. Shi kuwa HTF Didot daga baya an sake shi kasuwa kowa na iya saya, a 2011 gidan adana kayan fasaha na MoMA a New York ya saka shi cikin haruffan kwamfuta 23 da ya ɗauka ya adana, da shekarar 1991 a jikinsa, kamfanin Hoefler ɗin kuma Monotype ta saye shi a 2021.

Ba Hoefler kaɗai ya ga matsalar a lokacin ba. A 1991 Adrian Frutiger ya zana wa kamfanin haruffa na Linotype nasa Didot ɗin, shi ne wanda masu Mac suke gani a jerin haruffansu da sunan Didot kawai, yana da kyau ƙwarai a babban girma, amma gwada rubuta sakin layi da shi a lamba 10 ka buga a firintar ofis ka gani. A 1994 kuma kamfanin haruffa na ITC ya fitar da Bodoni kashi uku ƙarƙashin jagorancin Sumner Stone, na lamba 6 da 12 da 72, bayan sun je Parma sun duba ainihin ƙarafan Bodoni. Wannan 72 da ake gani a gaban sunan Bodoni a kwamfuta ba shekara ba ce ba kuma ado ba ne, ana gaya maka girman da aka zana shi dominsa ne, kuma mutane da yawa suna ɗaukarsa su rubuta adireshi da lambar waya da shi.

Waya da intanet sun sake dawo da tsohuwar rigimar ta wata ƙofa. Tsohon allon kwamfuta ɗigo 96 ne ko ƙasa da haka a inci guda, layin da bai kai ɗigo ɗaya ba ko dai ya zama toka-toka ko ya ɓace, shi ya sa shekaru da yawa Didot bai da wurin zama a shafukan intanet sai a cikin hoto. Wannan yana cikin dalilan da ake bayarwa lokacin da manyan gidajen kayan sawa suka yi ta watsar da tsofaffin tambarinsu suna komawa haruffa marasa ƙafa masu kauri ɗaya, Saint Laurent a 2012, Burberry da Balmain a 2018, har aka fara yi musu dariya cewa duk sun koma kama ɗaya. Ana cikin haka a 2019 sai Zara, wadda ba ma gidan tsada ba ce, ta bi ta ɗaya hanyar, ta fito da tambari mai dogayen haruffa masu sili a cakuɗe cikin juna, wa ya zana? Kamfanin Fabien Baron ɗin nan dai. Aka yi ta surutu a Twitter, Erik Spiekermann, babban mai zanen haruffa na Jamus, ya ce ya yi shekaru bai ga aikin harafi mai muni kamarsa ba, amma duk wanda ya san Bazaar ta 1992 ya gane hannun nan take, kuma ya gane abin da Zara take son saya, wato a kalli rigar araha da idon mujalla. Burberry ma a 2023 ta sake komawa harafi mai ƙafa.

Yanzu dai allon wayoyi da yawa ya wuce ɗigo 300 a inci tun iPhone 4 ta 2010, kuma tun 2016 akwai fasahar da ke sa faifan harafi guda ya ƙunshi zane da yawa a cikinsa, har da ma'aunin da ke gyara silin da kansa gwargwadon girman da ka zaɓa. Bodoni Moda da ke Google Fonts kyauta yana da wannan, wato abin da Hoefler ya yi da faifai bakwai yanzu yana cikin ɗaya, in dai manhajar da kake aiki da ita ta san da shi, domin ba duka suka sani ba. Playfair Display kuwa, na Claus Eggers Sørensen da ya fito a 2011, wanda shi ne ya cika katunan biki da tambarin masu sayar da turare da atamfa a Instagram saboda yana cikin Canva, sunansa ma ya faɗa maka na babban rubutu ne.

A nan abin ya shafe mu kai tsaye. Katin gayyatar ɗaurin aure yanzu yawanci ba a takarda yake yawo ba, a WhatsApp yake, kuma WhatsApp yana matse hoto idan ba a matsayin fayil ka tura ba, a tura a sake turawa daga wannan guruf zuwa wancan, wani ma ya ɗauki hoton allo ya sa a status, kowane zagaye siraran layuka ne suke fara mutuwa. Sai ka ga kati, sunan ango da amarya da manyan haruffa ya fito ras, amma rana da lokaci da sunan masallaci da aka rubuta da wannan salon a ƙanana, ruwan gwal a kan ruwan madara, sai an zuƙo hoton an ƙanƙance ido, 3 da 8 ba a bambance su, 1 da 7 ma haka. Mai zanen ya gani da kyau a laftof ɗinsa, bai gwada turawa wayarsa ya kalla a rana ba. Haka abin yake a bana ta fuleks da za a karanta daga tsallaken titi, ko tambarin da za a kai wa mai ɗinkin kwamfuta ya zuba a hula ko riga, zare yana da iyakar sirantar da zai iya, ko hatimin roba. Gyaran kuma ba wuya, a bar Didot ko Playfair ga sunaye da babban kanu, bayanin da ake buƙatar a karanta a sa shi da harafin da silinsa ke da jiki, a kuma sa launi mai duhu sosai a kan mai haske.

Sai matsalar da Bazaar ba ta taɓa fuskanta ba amma mu kullum muna cikinta, ƙ da ɗ da ɓ. Da yawa daga cikin kyawawan haruffan nan an zana su ne don harsunan Turai, ba su da masu lanƙwasa, ka rubuta Ɗanladi ko Ƙofar Mata sai manhajar ta aro harafin farko daga wani salon daban ta cusa, kuma a salon da bambancin kauri da siranta ya kai haka aron yana fitowa fili fiye da ko'ina, harafi ɗaya mai kauri ɗaya a tsakiyar masu sili. Wasu sai su haƙura su rubuta K da D kawai, wasu su sa ɗan waƙafi a sama. Masu CorelDraw da Illustrator kan mayar da kalmar zane su ɗauko lanƙwasar daga wani harafin su ɗora, kuma wurin da ya fi dacewa a aro shi ne saman f ko kunnen r na wannan salon dai, tunda Didot da Bodoni suna ƙare waɗannan da ɗan dunƙulen ɗigo mai siririn wuya, idan ka ɗora shi a kan sandar k ko b ya kan zauna kamar da shi aka zana, na d kuma sai an kula kar ɗigon ya ci karo da harafin da ke binsa. Kafin ka nuna wa mai aiki samfuri ka fara buga ƙ ɗ ɓ da manyansu Ƙ Ɗ Ɓ a salon da ka zaɓa, na tsaye da na karkace duka, domin akwai waɗanda suke da ƙananan amma babu manyan.